Guntun Kirya, Waya da Duwatsu: Yadda Ake Yin Abin Wuya na Itace

Duk inda masassaƙi ya zauna ya fafe turmi ko ya gyara ƙotar fartanya, idan ya tashi za a tarar da guntaye a warwatse. Yara su kwashe, a zuba a murhu. Guntun kirya mai tsawon ɗan yatsa bai isa ya tafasa ruwan shayi ba, amma ya isa a fitar da kyakkyawan abin wuya wanda za a shekara goma ana sawa bai canza ba. Sana'ar da muke magana a kai ke nan: a ɗauki ɗan ƙaramin ice mai tauri, a juya shi a fere shi har ya yi sumul, a naɗa masa waya ta tagulla ko azurfa, a jera masa duwatsun ado, a rataya shi a tsirkiyar fata. Kuma kusan duk abin da ake buƙata yana nan a Madarumfa ko a Maraɗi, wadda ke kilomita 20 da ɗoriya daga garin.

Da farko a rarrabe tsakanin sassaƙa da juyi. Masassaƙin Bahaushe da gizago yake aiki. Icen yana kwance, hannu ne ke kai sara, kuma haka aka gaji yin turmi da taɓarya da akushi da allo da kujerar tsuguno. A aikin juyi kuwa icen ne ke gudu. Ana kafa shi tsakanin tsinin ƙarfe biyu, yana jujjuyawa, mai aiki ya kanga masa kaifi, kaifin yana fere shi ta kowane gefe daidai wa daida. Shi ya sa abin da aka juya yake fitowa a mulmule, babu gefen da ya fi wani. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Akwai zanenta a kabarin Petosiris a Masar, tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har gobe a kasuwar Marrakesh ta Maroko ana ganin masu juya ice da baka, suna riƙe bakin ƙarfen da yatsun ƙafa.

Ba sai an je Maroko ba kafin a ga aikin juyi. Yana cikin aljihun kusan kowane dattijo. Ku ɗauki carbin ice ku duba 'ya'yansa, sannan ku duba dogon kan nan da zaren ke haɗuwa a cikinsa, mai wuya da ciki da 'yar hula. Juya shi aka yi. Wanda ya iya fitar da kan carbi ya iya fitar da abin wuya, domin aikin ɗaya ne, ado kawai aka ƙara.

Wane ice?

A nan ne rabin aikin yake. Abin wuya ƙarami ne, ana yi masa siririn wuya da huda, don haka icen da ke da taushi ko sako-sakon jijiya ba zai jure ba. Kirya ce kan gaba a ƙasarmu: tana da nauyi, ja ce mai duhu, gara ba ta cika damunta ba, kuma idan aka goge ta tana sheƙi ko ba a shafa mata komai ba. Ba banza ba masu turmi ke nemanta, maƙera kuma ke son gawayinta. Aduwa, wadda ake yin allo da ita, fara ce mai ɗan rawaya, jikinta a tsuke, tana karɓar zane da rini. Kanya da marke da kurna da magarya duk suna yi, haka ma zuciyar tsamiya, mai duhu da taurin da ke dakushe ƙarfe. Dogon yaro, wanda ake kira bedi a nan Nijar, bai kai su kyau ba, amma yana ko'ina, ana rage masa rassa kowace shekara, kuma da shi ya fi dacewa mai koyo ya fara ɓarnarsa. Dashi da kuka kuwa a bar su, ba su da ƙarfin wannan aiki.

Akwai kuma ƙodagon goruba. Cikinsa idan ya bushe fari ne fat, mai tauri, yana kama da hauren giwa, har an daɗe ana yin maɓallan riga da shi a Iritiriya zamanin mulkin Italiya. Yana da rami a tsakiya, saboda haka ba ya ba da dogon abu, amma yana ba da zobba da ƙananan ƙwallaye masu haskaka baƙin ice idan aka jera su tare.

Abin da nake so a riƙe da kyau shi ne, wannan sana'a ba ta buƙatar a sare itace ko ɗaya. Dajin Baban Rafi ya daɗe yana ciyar da murhun Maraɗi, ya kuma jigata, ga matsalar tsaro da ta sa shiga cikinsa ya zama kasada. Dokar gandun daji ta Nijar, mai lamba 2004-040 ta shekarar 2004, ta hana sara barkatai, kuma itatuwa irin su gawo da aduwa da tsamiya da goruba da maɗaci da madobiya sun daɗe cikin jerin waɗanda ba a taɓawa sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Dajin Madarumfa da tafkinta da kaburburan waliyyai 99 suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, tafkin kuma ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2019. Mutanen wannan yanki ne suka nuna wa duniya yadda ake raya kututture a gona, aikin da aka faro a jihar Maraɗi a shekarun 1980 tare da Tony Rinaudo, har ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Zai zama abin kunya a ce an kayar da kirya mai shekara 50 don a yi kayan ado. Ragowar masassaƙa, karyayyar taɓarya, tsohuwar ƙota, reshen da aka rage a gona lokacin sassabe: waɗannan sun ishi mutum aikin shekara. Tsohuwar taɓarya ma ta fi sabon ice, domin ta gama bushewa tuntuni.

Bushewar nan ita ce wurin da masu koyo suka fi faɗuwa. Ana cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to mai juyi busasshe yake nema. Ɗanyen ice yana da daɗin feraya, amma bayan mako biyu zai motse, wayar da aka naɗa masa ta yi sako-sako, idan hunturu ya busa kuma ya tsage. A tsaga icen gida huɗu a cire tsakiyarsa, domin daga nan tsagewa ke farawa. A yanka shi sanda-sanda, kaurin santimita 2 zuwa 3, tsawon kamar 10, a bi tsawon jijiya. A tsoma bakin kowanne a narkakken kakin zuma ko na kyandir don kada ruwan ya fita da gaggawa, a jera su a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a rana ba. Mai ƙaramin sikeli yana iya auna guda ɗaya duk mako. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya bushe.

Abin juyawa da ƙarafansa

Mai sha'awa kada ya tsaya jiran injin kanti. Na baka kafinta da maƙeri za su haɗa shi a yini ɗaya: katako mai kauri a ƙasa, gungume biyu a kai, ɗaya kafaffe ɗaya mai matsawa, kowanne da tsinin ƙarfe yana duban ɗan'uwansa, sai sandar ƙarfe a gaba wadda ake ɗora ƙarfen feraya a kai. Ana naɗa tsirkiyar bakan sau ɗaya a jikin icen. Idan aka tura bakan gaba aka ja shi baya, icen yana juyawa ya dawo, yadda maburgi ke yi a tafin hannun mai miya. Ana yanka ne kawai a lokacin da icen ke juyowa wajen kaifi, idan zai koma sai a ɗan sassauta. Kwanakin farko hannu da ƙafa ba sa jituwa, daga baya su saba. Amfaninsa a fili yake a garin da wuta ke zuwa tana tafiya.

Mai son sauri yana iya ɗaure injin huda na lantarki a kan katako, ko ya nemi tsohon motan keken ɗinki, ya sa mai walda ya yi masa gindi. Duk wanda aka zaɓa, ƙarafa uku sun isa farawa: mai baki kamar kwarya don rage kusurwa, mai karkataccen baki don sumulcewa, da siriri don yanke tsagi da cire aikin idan an gama. Maƙeri yana iya ƙera su daga tsohon sifirin mota. Idan da tsohon magagari aka yi, a tabbata ya rage masa tauri a wuta, in ba haka ba yana iya karyewa ya yi tsalle. Dutsen wasa kuma ya zauna kusa da hannu. Ƙarfe mai kaifi yana fitar da siraran ɓawo masu nannaɗewa, dakusasshe kuwa gari yake fitarwa, ya bar jikin icen da kaushi.

Na lantarki ba ya wasa da tufafi. Hannun babbar riga, jelar rawani, gyale, bakin hijabi, duk abin da ke lilo yana iya naɗewa cikin ƙiftawar ido. A naɗe hannun riga, a soke mayafi a baya, a sa gilashin kare ido. Ƙurar ice mai tauri tana cutar da ƙirji idan aka daɗe ana shaƙa, don haka a rufe hanci, a yi aikin a rumfa ba a cikin ɗaki ba.

Ga yadda aikin ke tafiya. Ana fara huda icen daga sama har ƙasa da siririn mahudi, tun yana da kaurinsa, domin idan aka bari sai ya sirance hudar za ta fasa shi. Bakunan hudar nan su ne za su zauna a kan tsinin ƙarfen, ta haka ramin zai kasance a tsakiya cif. Sai a rage kusurwa har ya zama mulmulalle, a sa fensir a yi alamar inda ciki zai kumbura da inda wuya zai tsuke. Ana feraya daga wuri mai kauri zuwa mai siranta, ba a hawa tudu da kaifi. Siffofin da suka fi karɓuwa su ne ɗigon ruwa, 'yar gora, ganga, da mai kama da mazari. Ni dai na fi son wanda bai cika tarkace ba: ciki ɗaya, wuya ɗaya, tsagi biyu ko uku. Icen kirki ba ya buƙatar a ɓoye shi.

Tsagin nan da ake yankawa ba ado ne kawai ba, mazaunin waya ne. Wayar da aka naɗa a kan sumul ɗin ice za ta zame wata rana, wadda ta kwanta a cikin tsagi kuwa ta zauna ke nan. Akwai kuma dabarar baƙin layi: a ɗaura guntuwar wayar ƙarfe a jikin 'yan sanduna biyu, a danna ta cikin tsagin yayin da icen ke gudu, zafin gogayya ya ƙona wurin ya bar zobe baƙi wuluk. Kada a kuskura a naɗa wayar a yatsa.

Daga nan sai guga da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a ƙarshe a tsayar da juyin a goge bisa tsawon jijiya don share zoben da ya rage. Kakin zuma da aka narka da ɗan man kaɗe ya isa shafi: a shafa, a murza da tsumma har ya ɗumama ya shige. Man gyaɗa yana yin wari idan ya daɗe, fenti mai sheƙi kuma yana ɓarewa da gumi. Mai son baƙin ice ya tambayi dukawa yadda suke yin kuloko. Hikimar ɗaya ce: a shafa wa icen ruwan bagaruwa, ya sha iska, a bi shi da ruwan tsami da aka jiƙa tsatsattsun ƙusoshi a ciki, nan take zai yi baƙi. Lalle yana ba da ja-ja a jikin aduwa.

Waya

Tagulla ce ta fi sauƙin samu da sauƙin lanƙwasa. Masu gyaran janareto da fanka da injin ban ruwa suna cire tsohuwar waya kullum, kuma wurinsu ya kamata a saya, a hannun wanda aka sani, don kada a taimaki masu satar wayar lantarki. Irin wannan waya tana da siririn shafi a jiki. Ana iya barinsa, domin yana hana ta dusashewa, ko a kankare shi da samfefa. Wadda ke cikin roba a fere ta da wuƙa, kada a ƙona, hayaƙin guba ne. Ana buƙatar kauri biyu: mai kusan milimita 1 don ƙashin aikin, da siririya mai kamar 0.4 don naɗi da ɗaura duwatsu.

Tagulla tana da wata ɗabi'a da maƙeran farfaru suka sani tun kaka da kakanni: yawan lanƙwasa yana sa ta yi tauri har ta karye. Idan ta fara gardama, a sa ta a garwashi har ta yi ja kaɗan, a tsoma a ruwa, za ta dawo da laushinta. Lemun tsami da gishiri suna wanke baƙin da wuta ta bari, amma a ɗauraye a shanya sosai.

Inda ake gane gwani shi ne wurin rataya. Hanya mai sauƙi ita ce a soka 'yar ƙusa mai zobe a kan icen a liƙe da gam, kuma ita ce ke fara cirewa, domin kan ice ba ya riƙe ƙusa. Hanyar da ta fi ita ce a zura waya mai kaurin ta ratsa hudar nan gaba ɗaya. A ƙasa a yi mata 'yar nannaɗa ko a tare ta da dutse, a sama a lanƙwasa ta a jikin ƙusa ta yi zobe, sannan a naɗa jelar sau biyu ko uku a wuyanta kafin a yanke. Zoben da aka naɗe wa wuya ba ya buɗewa ko yaro ya ja shi. Kowane bakin waya a goge shi da magagari, a danne shi da awartaki ko filaya ya shige tsagi. A gwada da shafa shi a jikin mayafi mai laushi. Idan ya kama zare, aiki bai ƙare ba.

A gaya wa mai saye gaskiya: tagulla tana iya bar wa fata kore-kore idan an yi gumi, ba cuta ba ce, wanki ke fitar da shi. Farar wayar kanti mai arha kuwa sau da yawa tana da sinadarin nikel, wanda ke sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Dalma kada ta kusanci wannan aiki ko kaɗan. Wanda ya tuna yaran Zamfara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba ya buƙatar ƙarin bayani. Mai hali ya yi da azurfa. Maƙeran Buzaye sun daɗe suna haɗa ta da baƙin ice a 'yan kunne da awarwaro, kuma duk mai son koyon tsabtar aiki ya tsaya ya ƙare wa nasu kallo.

Duwatsun ado ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Ayarin Sahara sun kawo na gilashi daga Banis ta Italiya da Bohemiya, an kawo aƙiƙ daga Kambay ta Indiya, daga baya kuma daga Idar-Oberstein ta Jamus. A da, fatake Hausawa ne ke kai jan dutsen lantana daga yankin kogin Kwara na Nijar ta yau zuwa Ilori, inda ake huda shi a goge. Masagan Bida har yanzu suna narka kwalabe su yi duwatsu, Kurobo na Gana suna yin nasu da garin gilashi, kuma a Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ana samun tsoho da sabo. Yawancin abin da ke kan tebur a yau dai roba ce da gilashin Sin da Indiya. Ba laifi ba ne a yi aiki da su, laifin shi ne a kira roba murjani. Gilashi da dutse suna da sanyi da nauyi, suna ƙara idan aka ƙwanƙwasa su a haƙori. Roba ba ta da nauyi, sau da yawa da layin haɗi a cikinta, kuma zazzafar allura tana shigarta.

A wajen jeri, kaɗan ya fi. Dutse ɗaya a ƙasa, biyu ko uku a sama, launin da zai fito da icen: shuɗi ko fari a kan kirya, ja ko baƙi a kan aduwa. Abin ratayawa kuwa ga shi a gida. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna a duniya saboda laushi da ƙarfi, kuma kowane baduku zai iya murza siririyar tsirkiya da ita. Ta fi sarƙar kanti mai yin tsatsa kafin damina ta fita.

Wa zai saya?

Wannan tambaya ce da ya kamata a yi tun kafin a sayi ƙarfe. Matanmu sun saba da zinariya da azurfa da kwaikwayonsu, kuma amarya ba za ta sa ice ranar buki ba. Maza kuma galibi ba sa rataya abu a wuya. Saboda haka wanda ya tsaya a kan abin wuya kaɗai zai sha zama. Amma wannan ɗan icen da aka juya, idan aka canza masa marataya, ya zama mariƙin makulli, ko adon madubin mota da babur, ko na jaka, ko 'yan kunne idan aka yi shi ƙarami biyu, ko kan carbi. Masu zuwa ziyarar kaburburan waliyyai da masu zuwa kallon tafki suna son ɗan abin da za su riƙe su kai gida, kuma carbi ko mariƙin makulli da aka yi da icen garin ya fi kayan roba da aka ɗauko daga wata ƙasa ma'ana. 'Yan mata da ɗaliban jami'a a Maraɗi da Katsina kasuwa ce ta daban, kuma hoto mai kyau a WhatsApp yana kai kaya inda ƙafa ba ta je ba. Akwai cibiyar masu sana'ar hannu a Maraɗi, akwai ta Wadata a Yamai, akwai kuma baje kolin SAFEM na sana'o'in mata da ake yi a Yamai.

Aikin ma yana rabuwa cikin sauƙi. Mai juyi ya fitar da guda 20 ko 30 a zama ɗaya, matan gida su yi naɗin waya da jerin duwatsu a tsakar gida, baduku ya kawo tsirkiya. Wurin sa farashi a lissafa lokacin kowa, ba kuɗin kaya kawai ba, mai kai kaya Jibiya ko Katsina ta Ɗan Isa kuma ya riƙa bin canjin sefa da naira kafin ya yanke.

Abu biyu kuma a kiyaye. Kada a sa wa jarirai da ƙananan yara irin wannan ado, saboda tsirkiya tana shaƙewa, dutse kuma yana iya cirewa a haɗiye. Mai niyyar aika kaya Turai ko Amurka ya guji madobiya, domin tun 2017 tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Ya rubuta sunan icen da ya yi aiki da shi a 'yar takarda ya haɗa da kowane guda, tare da gargaɗin a cire shi kafin wanka, a kuma riƙa shafa masa ɗan kaki idan hunturu ya shigo.